Babi na Bakwai: Igiyar Had-dis

Wanda ya sayi had-dis na aljihu ya buɗe kwali, abu biyu yake tararwa: ma'adanar kanta, mai faɗin tafin hannu, da wata guntuwar baƙar igiya wadda tsawonta bai fi kamu guda ba. Ma'adanar aka biya wa kuɗi, don haka ita ake lallaɓawa, ita ake saya wa jaka mai zif, ita ake hana yara taɓawa. Igiyar kuwa ba mai waiwayarta sai ranar da aka neme ta aka rasa. Ranar ce mutum yake gane cewa hotunan bikinsa, da kundin digirinsa, da karatuttukan malamai da ya daɗe yana tarawa, duk suna nan lafiya lau a hannunsa, amma ba shi da hanyar kaiwa gare su.

Yadda take ɓata ba baƙon abu ba ne. An ara wa aboki had-dis ya kwafi fim, ya dawo da shi ba igiya. An je shagon buga takardu, an zare ma'adanar a gurguje, an baro igiyar maƙale a bayan kwamfutar mutane. Wani a gida ya zaci ta caji ce, ya gwada a wayarsa ta ƙi shiga, ya yar da ita inda ya ga dama. Za ka tarar da mai tura finafinai a waya da had-dis shida a kan tebur amma igiya biyu kacal, yana zare wannan yana soka wancan tun safe har dare. Na ware wa wannan igiya babi sukutum ne saboda had-dis da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa lafiyarsu ƙalau, igiya ce ta gaza, wasu kuma da suka mutu da gaske, igiyar banza ce ta yi ajalinsu.

Ɗauko igiyar had-dis ɗinka ka dubi kan da ke shiga jikin ma'adanar. Siriri ne mai faɗi, da ɗan tsagi da ya raba shi gida biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. A 1996 ne kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq, suka fito da tsarin USB, don a huta da ramuka barkatai da ke bayan kwamfuta, na linzami daban, na allon rubutu daban, na firinta daban. USB 2.0 ya zo a 2000 da gudun megabit 480 a daƙiƙa. A 2007 aka fito da ƙaramin kan nan na micro-USB mai haƙora biyar, wanda ya zama kan cajar kusan kowace wayar Android shekara da shekaru. Da USB 3.0 ya iso a ƙarshen 2008 da gudun gigabit 5, ninki goma ke nan, sai aka ga haƙora biyar ba za su ɗauki wannan kaya ba. Maimakon a rushe tsohon kai, sai aka ƙara masa wasu haƙora biyar a gefe. Babban gidan shi ne tsohon micro-USB, ba abin da aka canza masa. Ƙaramin shi ne sabuwar hanyar da bayanai ke gudu a kai. Sunansa a takarda USB 3.0 Micro-B. Waɗanda suka riƙe Samsung Galaxy Note 3 ko S5 za su tuna da shi a gindin wayarsu, kafin masu ƙera waya su watsar da shi su bar wa masu had-dis.

Sanin wannan yana fitar da mutum kunya. Idan igiyarka ta ɓata da daddare, gobe da safe kuma za ka miƙa aiki, tsohuwar igiyar cajin Android za ta shiga babban gidan ta bar ƙaramin a buɗe, kuma sau da yawa had-dis zai tashi. Sai dai ta kasance mai ɗaukar bayanai, domin akwai na caji zalla, irin waɗanda ke zuwa da cocila ko 'yar fankar hannu, waɗanda waya biyu ce kawai a cikinsu maimakon huɗu. Da irinsu fitilar had-dis za ta kama, faifai ya juya, amma kwamfuta ba za ta san an soka mata komai ba. Sannan ka shirya jira, don gudun zai koma na USB 2.0, wanda a aikace bai cika wuce megabait 35 a daƙiƙa ba, alhali da igiyarsa ta asali had-dis kan haura 100. Bidiyon biki mai gigabait 100 da za a kwashe cikin minti 15 zai ci kusan minti 50.

Igiyar aiki biyu take yi, na biyun ne kuma ba a cika lura da shi ba. Tana kai bayanai, tana kuma kai wuta. Had-dis na aljihu ba shi da batir, ba shi da filogin bango. A cikinsa akwai faifai, ɗaya ko fiye, yana juyawa sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura mai shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Duk wutar da za ta juya wannan faifai ta igiyar nan take bi, bolt 5 daga ramin kwamfuta. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900. Inda wahalar take shi ne daƙiƙun farko, sa'ad da ɗan injin ciki ke fafutukar tayar da faifan daga tsaye. A nan wasu kan nemi abin da ya kusa amfiya guda. Shi ya sa a zamanin USB 2.0 ake sayar da had-dis da igiya mai kai biyu ta ɓangaren kwamfuta, ɗaya na bayanai da wuta, ɗaya na ƙarin wuta kawai. Wanda bai san dalili ba yakan soka ɗaya ya bar ɗaya yana reto, sannan ya ce an sayar masa da mataccen kaya.

In ka samu igiyar da ta gama aiki, sa reza ka feɗe ta, za ka ƙaru. Ta ƙwarai, a ƙarƙashin roba za ka tarar da saƙar siraran ƙarafa, ƙarƙashin saƙar akwai takardar alminiyam mai ƙyalli, sannan wayoyi: ja da baƙa na wuta, fara da koriya na bayanan USB 2.0, sai tagwaye kashi biyu, kowane kashi a naɗe cikin nasa mayafi, su ne na gudu. Ja da baƙar sun fi sauran kauri. A jikin robar igiyar kirki akan buga lambobi irin 28AWG da 24AWG. Ma'aunin Amurka ne na kaurin waya, kuma a juye yake tafiya, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Jabu kuwa robar ce kawai ke da jiki. A ciki silin ƙarfe ne 'yan ƙalilan, ba saƙa, ba mayafi. Wani lokaci abin da ke ƙyalli ja alminiyam ne aka shafa wa ruwan tagulla, alhali alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na wutar da tagulla ke ɗauka yake iya ɗauka. Wani lokacin ma baƙin ƙarfe ne aka shafe, har mayen ƙarfe yana kama shi.

Lissafin ba shi da wuya. Waya mai lamba 28, mita guda, zuwa da dawowa, in aka ja miliamfiya 900 ta cikinta, tana cinye kusan bolt 0.4 a hanya. Mai lamba 24 abin da take ci bai kai 0.2 ba. In tsawon ya zama mita 2, asarar ta ninka. Shi kuwa had-dis bolt 5 ɗinsa yake so, ragin da zai jure bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Wannan ne dalilin gajartar igiyar kwali, wadda mutane ke tsaki a kai suna cewa kamfani ya yi rowa. Duk wanda ya musanya ta da doguwa mai mita 2 don ya ajiye had-dis can nesa a kan kanta, ya sani daga abincin faifan ya rage.

Idan wuta ba ta isa ba, fitila za ta kama, faifai ya soma juyawa ya kasa kaiwa gudunsa, allura ta yunƙuro ta koma maƙwancinta, a riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas, ko wani siririn kuka. Abin tashin hankalin shi ne wannan ƙarar dai ita had-dis ke yi in allurarsa ta lalace da gaske. Kunnen wanda ba gwani ba ba ya rabewa.

Na ga haka da idona a rumfar wani mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wani matashi mai ɗaukar hoto ya shigo gumi na keto masa, ya ajiye had-dis a kan tebur da hannu biyu.

"Oga, don Allah duba min. Bikin mutane ne a ciki, kamu da ɗaurin aure da yini, ko hoto ɗaya ban tura musu ba."

Mai gyaran bai ɗauko sukundireba ba. Ya soka had-dis ɗin da igiyar da aka zo da ita, ya kara shi a kunne, ya yi shiru. Sannan ya murza igiyar tsakanin yatsunsa.

"Ina tasa ta kwali?"

"Ta ɓata tun da azumi. Wannan a bakin titi na saya."

Ya jawo durowa ya zaro wata gajera mai kauri, ya soka a ramin kwamfuta mai shuɗin harshe. Faifan ya tashi da lallausan sauti, ba ƙas ko ɗaya, sai ga sunan ma'adanar a fuskar kwamfuta. Yaron ya dafe kai yana hamdala.

"Malam, ba tashi za ka yi ba," in ji mai gyaran. "Kawo wani abin mu kwafe kayan nan yanzu, kafin ka bar wurin nan."

Rijiya ta bayar, guga ne ya hana. Abin da ya burge ni shi ne tsarin da mutumin ya bi: ya fara da abin da ya fi araha, ya bar buɗe ciki a ƙarshe. Haka ya kamata kowa ya yi kafin ya ɗora hannu a ka. A canza igiya. A canza rami, in kwamfutar tebur ce a bi ta ramukan baya, don na gaba ta wasu siraran wayoyi suke karɓar wuta. A cire duk wani mahaɗi mai raba rami ɗaya gida huɗu, sai in mai filogin kansa ne. A gwada wata kwamfutar, domin ramin talabijin da na dikoda sau da yawa ba su da ƙarfin tayar da faifai. In an yi duk wannan da igiyar da aka tabbatar tana tayar da wani had-dis, amma ƙas ɗin bai daina ba, to a tsaya cak. Daga nan kowace kunnawa tana iya zama karce a kan faifai. Kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firji, kada kuma a kwance murfin ƙarfen da ke rufe da faifan, don ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba.

Ita kanta igiyar wuri biyu take mutuwa. Na farko wuyanta, inda roba mai laushi ta haɗu da kai mai tauri. Naɗe ta tamau a jikin had-dis kullum shi ke tsinka silin ciki ɗaya bayan ɗaya, roba tana nan lafiya a ido. Na biyu ƙugiyoyinta. Juya kan ka duba, za ka ga 'yan ƙananan ƙugiyoyi biyu masu lotsawa, su ke riƙe shi a cikin rami. A tsohon mini-USB abin riƙon a cikin ramin na'ura yake, in ya saki na'urar ce ta samu naƙasa. Masu zana micro sai suka ɗauke shi suka mayar jikin igiya, da gangan, don abin da zai gaji ya zama mai arahar. Sun kuma tsara shi ya jure sokawa da zarewa sau 10,000, inda mini ke da 5,000, babban kan da ke shiga kwamfuta kuma 1,500. Tun a kan takardar zane ke nan an yanke cewa igiya ce za ta mutu ta bar na'ura. Mai tura finafinai da ke sauya had-dis sau 30 a yini zai cinye dubu goman nan kafin shekara ta zagayo. Igiyar da ta fara sakwarkwacewa ta gama wa'adinta ne, a sallame ta. Kafin a sallame ta dai a leƙa ramin da cocila, musamman bayan hunturu, domin ƙura kan dunƙule a ciki ta hana kai zama daidai. Busasshen tsinken sakace ya isa a fitar da ita a hankali. Allura ko fil na ƙarfe kuwa a nisance su.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke juya wannan tsari, mu tattala igiya mu sadaukar da rami. Ramin da ke jikin had-dis wasu 'yan ƙafafu ne ƙanana aka liƙa da dalma a kan fanel, kan igiyar kuma faɗi gare shi, duk ɗan tanƙwarawa a waje ƙarfi ne babba a ciki. Sai ka ga an jefa had-dis cikin jaka da igiya a soke, an ɗora littattafai. Sai ka ga an ɗaga laftof an bar shi yana lilo. Daga nan a shiga matakin "sai an danna gefe yake kawowa", a tokare kan da littafi, ko a ɗaure shi da kyauro. Duk ranar da aka kai nan, ƙafafun dalma ne ke ɓallewa, kuma kowace dannawa tana ƙara ɓalle su, har ramin ya fito gaba ɗaya, wani lokaci da layukan tagullar fanel a jikinsa.

Nauyin wannan asara ya danganta da irin ginin had-dis ɗin, kuma ba a gane shi daga waje. Wasu, kamar galibin na aljihu na Seagate, in aka ɓare kes ɗin roba za a tarar da had-dis irin na laftof mai bakin SATA, da wani ɗan ƙaramin fanel da ke fassara tsakanin SATA da USB. Ramin a jikin ɗan fanel ɗin yake. In ya karye sai a zare shi, a sayi sabon kes, a zura, aiki ya ci gaba. Wasu kuwa, kamar WD My Passport da Elements na aljihu da yawa, da wasu Toshiba Canvio, an liƙa ramin USB ne kai tsaye a kan fanel ɗin had-dis ɗin kansa, babu bakin SATA ko kaɗan. An yi haka don ya ƙanƙance, amma in ramin ya ɓalle babu wata ƙofar. Sai an samu mai hannu a dalma, irin masu canza ramin cajin waya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya kwance fanel ɗin daga jikin had-dis, ya dasa sabo. Ɗauko fanel ɗin wani had-dis irinsa a ɗora ba ya wadatarwa, domin kowane fanel yana ɗauke da bayanan saiti na faifan da aka haife shi da shi, sai an ɗauke su an mayar kan sabon. Ga kuma kulle: My Passport yana rikita bayanai da lambar sirri tun yana rubuta su, ko mai shi bai sa kalmar sirri ba. Tsofaffin My Book na tebur ma haka, a ɗan fanel ɗin fassara ake wannan aiki, wanda ya zare had-dis ɗin ya jona kai tsaye zai ga kamar ba komai a ciki. Saboda haka in za ka ba da gyara, ka ce a dawo maka da kowane guntu, kada a zubar da tsohon fanel.

Akwai wata ɓarnar da igiya mai katsewa ke yi wadda ba a ganinta da ido. Kwamfuta tana tsakiyar rubutu, igiya ta motsa, hanya ta yanke. Abin da ake rubutawa ya tafi, wannan da sauƙi. Amma in yankewar ta faɗo daidai lokacin da ake gyara jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, to gobe in an soka sai Windows ta ce ma'adanar tana buƙatar fomatin kafin a yi amfani da ita, ga maɓallin amincewa a gaban mutum. Tsarin exFAT, wanda ake so saboda yana aiki a Windows da Mac duka, ya fi NTFS saurin faɗawa wannan rami, don ba ya ajiye rajistar abin da yake shirin canzawa. Mutane da yawa sun danna maɓallin nan cikin ruɗewa. Kada a danna. Kayan suna nan, jadawali ne ya rikice. Akwai manhajoji na kyauta, TestDisk da PhotoRec na Bafaranshe Christophe Grenier, da ke iya gyara jadawalin ko tsamo fayiloli ba tare da shi ba. A fara canza igiyar tukuna, kuma duk abin da aka tsamo a zuba shi a wata ma'adanar daban.

Wajen sayen sabuwa, ka tafi da had-dis ɗin, in da hali har da laftof. Shuɗin harshe da tambarin SS alamun USB 3.0 ne, amma fenti ba shi da tsada. Leƙa cikin babban kan: na 3.0 na gaske yana da haƙora huɗu a gaba da wasu biyar can ciki. Zaɓi gajera. A gaban mai shago ka kwafi babban fayil ka dubi gudun. In ya tsaya a 30 da 'yan kai, to ko igiyar ko ramin kwamfutar na 2.0 ne, komai aka rubuta a leda. Idan kwafin ya ƙare, ka ɗan girgiza wuyanta ka ga ko ma'adanar za ta ɓace daga fuskar kwamfuta. In ta ci jarrabawa ka sayi biyu, ɗaya ta zauna a gida ba ta fita.

Sababbin laftof da yawa ramin USB-C kawai gare su, wanda aka fitar a 2014, mai haƙora 24, mai shiga ta kowace fuska. Akwai igiya mai kan C a gefe ɗaya da Micro-B a ɗayan, ita ta fi a jera adafta kan adafta, don kowace mahaɗa wurin asarar wuta ce kuma wurin motsi. Sai dai USB-C ya zo da tasa fitinar: igiyoyi biyu su yi kama sak a ido, cikinsu ya sha bamban. Galibin waɗanda ke zuwa a kwalin waya gudun USB 2.0 suke yi. Akwai ma masu haɗari. A ƙarshen 2015 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya fara sayen igiyoyin USB-C a Amazon yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta abin da ya gani. Ya tarar da yawa an sa musu ɗan abin tauye wuta mai ƙimar da ba daidai ba, maimakon na kilo-om 56 da ƙa'ida ta ce, abin da ke sa na'ura ta ja wutar da ta fi ƙarfin ramin da ke ba ta. A watan Fabrairun 2016 wata igiya ta ƙona masa kwamfutarsa Chromebook Pixel da na'urorin gwajinsa. Da ya feɗe ta sai ya ga an juya wayar wuta da ta ƙasa, kuma wayoyin gudu babu su sam, duk da tambarin da ke jikinta. A watan Maris na shekarar Amazon ta haramta sayar da igiyoyin USB-C da ba su cika ƙa'ida ba. Wannan a kasuwar da ake iya mayar da kaya a karɓi kuɗi ke nan. Mai saye a tire a bakin titi ba shi da kariya sai gwajin da ya yi da hannunsa.

Manyan had-dis na tebur, masu faifan inci 3.5, nasu haɗarin a adafta yake. Bolt 12 suke ci daga filogin bango. Cajar laftof da yawa bolt 19 take bayarwa, bakinta kuma sau tari daidai yake da ramin had-dis ɗin, ya shiga zuruf ba gardama. A ƙarƙashin tebur mai cunkoson wayoyi, ko cikin duhu bayan an ɗauke wuta ana sauyawa zuwa janareta, hannu ya ɗauko wanda ba shi ba, sai ɗan ƙauri ya tashi. In an yi sa'a wani ɗan ƙaramin mai gadi da ke kan fanel ne ya ƙone ya tsare sauran, gwani zai iya cire shi a kwashe kaya. In ba a yi sa'a ba wutar ta wuce ciki. Wanda adaftarsa ta ɓata ya karanta rubutun da ke jikin ma'adanar kafin ya je kasuwa: bolt ya zama daidai ba ƙari ba ragi, amfiya ta kai abin da aka rubuta ko ta fi, ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar baki ce mai alamar tarawa shi ma ya dace. Guntun salatif da biro, a rubuta sunan na'ura a manna a wuyan kowace adafta, ya isa ya hana wannan gobara.

Saura tsofaffin ma'adanai da ke kwance a durowa. Masu tace finafinai da suka yi zamanin kaset ɗin MiniDV sun san FireWire, wanda Sony ke kira i.LINK, da shi ake janyo hoto daga kyamara, kuma akwai had-dis masu irin bakinsa. Akwai masu eSATA, akwai masu mini-USB, akwai GoFlex na Seagate da ya fito a 2010 da gindinsa mai cirewa. Kowannensu a zamaninsa igiyarsa tana ko'ina, yau sai an tona. Micro-B ma hanyar da zai bi ke nan. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 28 ga Disamba, 2024 ta tilasta USB-C a kan wayoyi da kyamarori da makamantansu, laftof kuma daga Afrilun 2026. Ba ta ambaci had-dis ba, amma in kwamfutoci da wayoyi duk suka koma baki ɗaya, masu ƙera igiya inda ciniki yake za su bi.

Wanda ke da irin waɗannan a ajiye, da aikin shekaru a ciki, ya fito da su yanzu ya kwashe zuwa sabuwar ma'adana, ya kuma yi kwafi na biyu a wani wurin. In igiyar ta gagara samuwa, sau da yawa ba sai an neme ta ba: a kwance kes ɗin waje kawai, a bar murfin faifai yadda yake, a dubi bakin da ke ciki. In SATA ne, kowane kes na yau mai girmansa zai karɓe shi. In kuwa aka ga layi biyu na tsinkayen ƙarfe, 40 a babba ko 44 a ƙarami, to IDE ne na kafin SATA, sai a nemi adaftar IDE zuwa USB, babban kuma a haɗa masa da wadda ke zuwa da filogin wutarta.